Mashayar Unguwa A Amurka Da Ingila, Da Dandamalin Da Muka Rasa A Arewa

Akwai batutuwan da mai rubutu a shafi irin wannan yakan hango daga nesa ya ratse, don gudun kada a yi masa fassarar da bai nufa ba. Batun mashaya yana sahun gaba a cikinsu. Saboda haka bari in share fage tun daga farko. Giya haramun ce a Musulunci, hukuncinta a bayyane yake cikin Suratul Ma'ida, kuma ba ni da abin da zan ƙara ko in rage a kai. Masana kiwon lafiya ma sun zo sun tarar da malamai a inda suke tsaye, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai, sannan a 2023 ta bayyana cewa babu wani gwargwado na shanta da za a ce ba ya cutarwa. Da yake mun gama da wannan, ina roƙon mai karatu ya ba ni aron hankalinsa mu leƙa wata irin mashaya da ta yaɗu a unguwannin Amurka da Ingila cikin shekaru 40 da suka gabata. Tarihinta yana ɗauke da darasi game da doka, da ƙaramin mai sana'a, da makaɗi, da zaman maƙwabtaka, kuma darasin ya shafe mu ko da ba mu taɓa kusantar kwalba ba.

Wannan mashaya ta sha bamban da kulob ɗin dare mai fitilu masu walƙiya da muke gani a finafinai. Yawanci shago ne madaidaici a bakin titin unguwa, wani lokaci tsohon gareji ko sito da aka gyara. Da shigarka za ka tarar da doguwar kanta, a bayanta famfuna a jere, kowane famfo yana zubo wata irin giya daban, ga allo an rubuta da alli sunan kowace da garin da aka dafa ta da ƙarfinta. Akasarinsu daga ƙananan masana'antu suke, wasu ma a ɗakin baya na shagon aka dafa su. Ita ce zan riƙa kira giyar hannu, don bambanta ta da ta manyan kamfanoni. A gefe kuma akwai kwalaben giyar inabi daga ƙananan gonaki. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne lungu guda da ake warewa, a ɗora katako ya zama dandamali, a kafa makirufo. Mako yana da tsarinsa: wani dare na gasar kacici-kacici ne tsakanin tebur da tebur, wani na 'yan barkwanci, wani kuma a bar makirufo ga duk mai jin yana da waƙa ko baiti a bakinsa, sai ƙarshen mako a gayyato makaɗa na sosai. Da yawa daga cikin waɗannan shaguna kafin tsakar dare sun rufe, don maƙwabta su samu barci.

Yadda aka kawo nan labari ne na doka tun daga farkonsa har ƙarshensa. A shekarar 1873 Amurka tana da masana'antun giya sama da 4,000, kusan kowane gari da tasa. Yawansu ya soma raguwa sannu a hankali, sai a 1920 ƙasar ta haramta dafawa da sayar da barasa ta hanyar gyaran tsarin mulki, haramcin da ya yi shekara 13 kafin a janye shi a 1933. Kafin a janye, ƙananan sun riga sun mutu, manyan da suka lallaɓa da sayar da yisti da askirim da lemo su ne suka dawo suka mamaye kasuwa. Aka kuma shimfiɗa tsari mai hawa uku, wato mai dafawa daban, dillali daban, mai sayarwa daban. Manufar ita ce hana kamfani mallakar mashaya ya riƙa ɗura wa jama'a kayansa, amma abin da ya biyo baya shi ne ƙaramin mai sana'a ba ya iya kaiwa ga mai saye sai ta hannun dillalin da babban kamfani ya riga ya cika wa mota. Zuwa 1978 masana'antun da suka rage a duk faɗin ƙasar ba su kai 100 ba.

Juyin ya faro ne daga ƙasa. A 1965 wani matashi mai suna Fritz Maytag ya sayi kaso mafi tsoka na wata tsohuwar masana'anta mai suna Anchor a birnin San Francisco, wadda ke gab da durƙushewa, ya ci gaba da dafawa a kan tsohon salo. A watan Oktoba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa baligi ya dafa galan 100 a gida a shekara don amfanin kansa. Daga cikin masu wannan gwaje-gwaje na bayan gida ne Ken Grossman ya fito, ya harhaɗa tsofaffin tankunan madara ya kafa Sierra Nevada a garin Chico na jihar Kalifoniya a 1980. A farkon shekarun 1980 jihohin Washington da Kalifoniya suka yarda mai dafawa ya sayar wa mai sha kai tsaye a inda ya dafa, ba sai ya bi ta dillali ba, sauran jihohi suka biyo. Ta ɓangaren giyar inabi kuwa, tun a 1976 aka yi wata gasar ɗanɗano a birnin Paris inda alƙalai Faransawa, ba tare da sanin wace kwalba ce daga ina ba, suka ba ta Kalifoniya matsayi na ɗaya, abin da ya ɗaga darajar ƙananan gonakin Amurka. A 2015 yawan masana'antun giya ya zarce na 1873, zuwa 2022 kuma ya riga ya haura 9,000, kuma mafi yawansu ƙanana ne da ke sayar da kayansu a unguwarsu.

Ingila ta bi wata hanya daban amma ta ɓulle wuri guda. Can mashayar unguwa tsohuwar aba ce, sai dai zuwa shekarun 1960 manyan kamfanoni 6 sun mallake kaso mai yawa na mashayun ƙasar. A 1971 wasu abokai 4 suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare tsohuwar giyar gargajiya da wuraren shanta. A 1989 gwamnati ta tilasta wa manyan kamfanonin sakin dubban mashayu, a 2002 kuma Gordon Brown, lokacin yana ministan kuɗi, ya rage rabin haraji ga masana'antar da ba ta dafa fiye da lita 500,000 a shekara. Nan da nan ƙananan masana'antu suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. Batun kiɗa ma doka ce ta yi ta juya shi. A da, makaɗa biyu suna iya wasa a mashaya ba tare da wani lasisi na musamman ba. Dokar lasisi ta 2003 ta soke wannan sassauci, masu ƙananan wurare suka ga takardu da kuɗin sun fi ƙarfinsu, da yawa suka naɗe dandamali. Da koke ya yi yawa, majalisa ta yi dokar kiɗa ta 2012 wadda ta ɗauke buƙatar lasisin ga taron da bai wuce mutum 200 ba, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 11 na dare. A 2015 aka ɗaga adadin zuwa 500.

Misali guda ya isa ya nuna inda darajar waɗannan wurare take a wajen masu su. A unguwar Nunhead da ke kudu maso gabashin Landan akwai wata mashaya mai suna Ivy House, ginin shekarun 1930, mai ɗaki a baya da dandamali. A shekarun 1970 mawaƙa irin su Elvis Costello da Ian Dury da Joe Strummer sun hau wannan dandamali tun duniya ba ta san su ba. A 2012 aka sayar da ginin ga mai son mayar da shi gidajen haya, aka rufe. Mutanen unguwa suka tashi tsaye. Suka yi amfani da wata doka ta 2011 wadda ta ba al'umma damar sa a yi wa gini rajista a matsayin kadara mai amfani ga jama'a, wadda in za a sayar dole a jinkirta wata 6 don su nemi kuɗi. Suka samo rance da tallafi, mutane fiye da 300 suka sayi hannun jari, suka saye ginin a 2013 suka sake buɗe shi a matsayin mallakar haɗin gwiwa. Ita ce mashaya ta farko a ƙasar da aka ceto ta wannan hanya. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, me suka ceto? In don giya ce, kantin da ke bakin titi yana sayar da ita da araha fiye da mashaya. Abin da suka zuba kuɗinsu a kai shi ne ɗakin taruwa da dandamalin da ke cikinsa.

Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Ray Oldenburg, ya yi littafi a 1989 a kan abin da ya kira waje na uku. Gida shi ne na ɗaya, wurin aiki na biyu, na ukun kuwa inda mutum ke zuwa ba da gayyata ba, ya zauna da wanda ya fi shi da wanda ya fi, ba a tambayarsa muƙaminsa. Hujjarsa ita ce garin da ya rasa irin wannan waje mutanensa sukan zama baƙin juna. Abin da ya biyo baya ya gaskata shi, domin a 2018 Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici, a 2023 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi a kan wannan matsala. A daidai wannan lokaci ita kanta kwalbar farin jininta raguwa yake yi. Binciken Gallup na 2025 ya nuna kashi 54 cikin 100 na manyan Amurkawa ne suka ce suna shan barasa, adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara wannan tambaya. A 2024 ƙananan masana'antun da suka rufe a Amurka sun fi waɗanda suka buɗe yawa, karo na farko tun 2005. Mashayun Birtaniya sun sauko daga kimanin 60,000 a 2000 zuwa kimanin 45,000 a 2024. Shi ya sa masu shagunan suke ƙara dogara ga kiɗa da kacici-kacici da abinci, har da giyar da aka cire wa barasa. Sun gane cewa zaman ne ke jawo ƙafa.

To, ina ruwan Arewa da wannan? Ruwanta yana nan tsundum. Abin da Turawa ke yi wa kirari da sabon salo, wato giyar da aka dafa da hannu a unguwa aka shanye a unguwa, daɗaɗɗen abu ne a ƙasar nan. Burukutu ke nan. Mata ne akasari ke yin ta: a jiƙa dawa, a baza a rufe har ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a tace, a bar ta ta tashi, a sayar a ƙwarya kafin ta lalace cikin kwana ɗaya ko biyu. Maguzawa sun san ta, haka al'ummomi da dama a Filato da kudancin Kaduna da Binuwai, kuma tana da 'yan'uwa a maƙwabta, fito a arewacin Gana, bilbil a arewacin Kamaru da Chadi. Da Turawa suka zo, gwamnatin Lugga ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje a Arewa. Daga baya giyar kwalba ta samu mazauni a unguwannin baƙi irin Sabon Garin Kano, wanda aka kafa a 1913, da barikokin soja da kulob-kulob na ma'aikata. Ta haka aka raba gari biyu, birni na masallaci da makaranta da kasuwa, bayan ganuwa kuma na kwalba.

Abin da ba mu cika son faɗa ba shi ne, a wannan rabo kiɗan zamani da kwalba suka faɗa ɓangare guda. Makaɗan fada suna da sarakunansu, makaɗan sana'a suna da manoma da mahauta da maƙera, amma makaɗin da ke son ya yi wasa ga duk wanda ya zo, ya samu abin kai wa gida, otal da kulob ne dandamalinsa. Kiɗan goge da kukuma, wanda su Garba Supa da Ibrahim Nahabu da Hassan Wayam suka yi suna da shi, a irin waɗannan wurare ya bunƙasa daga shekarun 1960 zuwa 1980. Bala Miller da ƙungiyarsa sun raya daren Kaduna. Muhawarar ma tsohuwa ce a adabinmu: tun a shekarun 1950 Mu'azu Haɗeja ya rubuta waƙa yana la'antar giya, shi kuwa Mamman Shata yana da sananniyar waƙa ta mashaya. Wannan haɗi ne ya sa har yau in uba ya ji ɗansa yana son goge sai gabansa ya faɗi. Zama da maɗaukin kanwa ne ya jawo wa goge farin kai.

Daga watan Oktoba na 1999, da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, jihohi 12 suka bi wannan tafarki. Aka rufe gidajen giya a garuruwa da dama. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001 da hukumar Hisba bisa doka a 2003, kuma a watan Nuwamba na 2013 kaɗai Hisba ta fasa kwalabe 240,000 a bainar jama'a. Rikicin Boko Haram ya zo ya ƙarasa abin da ya rage na zaman dare, da hare-hare irin na mashayun Maiduguri a 2011, da na Sabon Garin Kano a 2013, da na gidan kallon ƙwallo a Damaturu a 2014. Ba na cikin masu kukan rufe mashaya a unguwannin Musulmi, kuma maƙwabtanmu waɗanda addininsu bai hana su ba suna da wurarensu a Jos da Kaduna da Sabon Gari. Kukana shi ne, da muka rufe ƙofar, dandamalin yana ciki, kuma cikin shekaru fiye da 20 babu gwamnatin da ta zauna ta tsara inda za a kafa wani na halal. Gidajen silima akasari sun mutu. Ko ƙauyen finafinan da Gwamnatin Tarayya ta so ginawa a Kofa ta jihar Kano a 2016, da aka yi ca a kansa sai aka janye, ba a kawo madadinsa ba.

Mutum biyu ne suka fi shan wahalar wannan giɓi. Na farko makaɗi. Tun rasuwar Shata a 1999 da Ɗan Maraya Jos a 2015, mutum nawa mai karatu zai iya lissafawa da suka taso suka gaje su a kalangu ko kuntigi? Hannu ba ya faɗawa sai da yawan kaɗawa a gaban mutane, mako bayan mako, a ga inda suka yi tafi da inda suka yi hamma. Matashin mawaƙinmu na yau daga ɗakin ɗaukar sauti yake fitowa, na'ura ta gyara masa murya, in an gayyace shi biki ya sa faifai ya riƙa motsa baki. Hanyar abincinsa biyu ce, gidan biki da gidan ɗan siyasa. Shi ya sa kowace kakar zaɓe muke ganin fasihai sun koma 'yan koren 'yan takara, yau a yabi wannan gobe a zage shi. Mawaƙin da mutum 80 ke biya kuɗin ƙofa don su saurare shi kowace Asabar yana da 'yancin faɗin gaskiya wanda mai jiran kyautar mota ba shi da shi.

Na biyu matashi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya tona yadda ake kwankwaɗarsa, musamman a Kano da Jigawa. Tushen wannan annoba talauci ne da rashin aiki da mutuwar tarbiyya, babu mai hankalin da zai ɗora ta a kan rufe mashaya. Sai dai duk mai ɗa saurayi ya san cewa tsakanin sallar Isha'i da lokacin barci akwai awa uku da dole a yi wani abu da su. In unguwa ba ta tanadi inda za a kashe su a fili ba, kango da bayan makaranta da ɗakin aboki za su tanada. Kodin ba ya buƙatar kanta ko dandamali, ya fi son duhu da kaɗaici.

Wani zai ce ai kwalba ce ke biyan makaɗi, in aka cire ta shagon ba zai kai wata uku ba. Maganar tana da nauyi, domin ribar barasa ce ke ɗaukar hayar mafi yawan waɗannan wurare a Turai. Amma tarihi bai goyi bayan cewa dole sai da ita ba. Kulob ɗin Cavern na birnin Liverpool, inda ƙungiyar Beatles ta yi wasa kusan sau 300 tsakanin 1961 da 1963, ba shi da lasisin sayar da barasa a lokacin, lemo da abinci ake sayarwa kuma ana biyan kuɗin shiga. Misalin da ya fi kusa da mu kuwa daga duniyar Musulunci yake. Gahawa ta yaɗu ne daga Yaman ta hannun Sufaye masu raya dare. A 1511 wani gwamna ya hana ta a Makka, malamai suka yi ta muhawara, ƙarshe aka halatta. Wajen shekarar 1555 wasu mutum biyu daga Sham suka buɗe gidajen gahawa na farko a Istanbul, suka zama matattarar marubuta da masu ba da labari da 'yan wasan kwaikwayo da makaɗa. Sarki Murad na Huɗu ya rufe su a 1633, suka sake buɗewa. Daga can Turai ta aro gidan gahawa. Ashe irin wannan waje na uku wanda babu maye a cikinsa Musulmi ne suka koya wa Turai shi.

Mu ma kayan haɗin suna hannunmu, a warwatse kawai suke. Muna da teburin mai shayi, inda ake warware siyasar duniya a kan benci. Muna da majalisar ƙofar gida. Muna da gidan kallon ƙwallo, wanda ya tabbatar da cewa matashi zai biya kuɗi don ya zauna cikin jama'a ko da yana da talabijin a gida. Muna da gidan dambe, irin na dandalin Ado Bayero a Kano, inda har yanzu ake biyan kuɗin ƙofa ana jin kalangu daga hannun makaɗi. Abin sha na hannu kuwa wa ya fi mu? Zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, fura da nono, lemon tsamiya, ga tsire da gurasa da masa da kilishi. Kasuwar lemon malt, wadda ta kafu a ƙasar nan tun fitowar Maltina a 1976, shaida ce cewa ɗan Arewa yana kashe kuɗi a kan abin sha marar maye. Abin da babu shi ne rufin da zai haɗa waɗannan da dandamali, cikin tsabta da mutunci, inda likita ko lauya ko malamin jami'a zai iya zama ba ya waige-waige.

A nan ne darussan Amurka da Ingila suke da amfani, kuma guda uku ne. Na farko, doka ta fito fili. Mai son buɗe irin wannan waje a yau bai san ko gobe wace hukuma za ta zo ta rufe shi ba, kuma babu mai zuba jari a kan rashin tabbas. Majalisun jihohi su rubuta sharuɗɗa ƙarara: babu barasa, babu ƙwaya, a tsaya lokacin salla, a tashi ƙarfe 11, ga iyakar ƙarar lasifika, ga tsarin zaman maza da na iyali. Wanda ya cika su a ba shi lasisi guda, a kuma kare shi. Na biyu, a sassauta wa ƙarami haraji da kuɗin rajista kamar yadda Birtaniya ta yi a 2002, don kada abin ya tsaya a manyan otal-otal na masu hannu da shuni. Na uku, mallakar ta kasance ta 'yan unguwa. Mu da muka iya adashi da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, muka gina masallatai da Islamiyyu da karo-karo, ba za mu kasa haɗa hannun jarin zaure guda ba. Wurin da dattawan unguwa ke da hannu a cikinsa shi ne wurin da ba za a yi abin kunya ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san malamanmu sun saɓa a kan kiɗa, daga masu haramta shi ɗungurungum zuwa masu halatta wasu nau'o'i bisa sharaɗi, kuma hukunci nasu ne. Abin da nake tunatarwa shi ne dandamali ya fi kiɗa faɗi. Akwai marubuta waƙoƙi masu rerawa ba ganga, magadan su Aƙilu Aliyu. Akwai masu bege, da 'yan kama, da masu tatsuniya, da wasan kwaikwayo, da muhawarar ɗalibai, da kacici-kacicin tarihi. Sa'an nan shi kiɗan da ake gudu bai tafi ko'ina ba, ya koma cikin waya ne, a TikTok da YouTube, ƙarƙashin bargon yaro, inda babu dattijo ko malami da ke jin abin da ake faɗa. Wanda aka yi a fili, a gaban iyaye da maƙwabta, shi ake iya yi wa gyara tun yana ɗanye.

Mutanen Nunhead sun tara kuɗi sun sayi ɗakin taruwarsu saboda sun lissafa abin da unguwa za ta zama in babu shi. Mu mun yi watsi da kwalba, kuma mun yi daidai, saura mu yi wannan lissafi. Ƙwararrunmu da ke karanta wannan shafi su ne ke rubuta dokoki, su ne ke zana taswirar sababbin unguwanni, su ne ke ba bankuna shawarar inda za a sa kuɗi. Duk sabuwar unguwar da aka yanka aka ware filin masallaci da makaranta da kasuwa, a ware na zauren jama'a mai dandamali, a kuma rubuta dokar da za ta raya shi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare su daga maye kowane iri, Ya kuma ba shugabanninmu basirar gina madadin duk abin da suka rushe.